Kalma Ɗaya, Maƙwabta Daban: Matsalar *Plan* a Bakin Ɗalibin Difa

Ɗalibin Difa yakan gamu da Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya shafe shekara shida yana karatu da Faransanci. Idan ya ci karo da kalmar *plan* sai hankalinsa ya kwanta, domin haka ake rubuta ta a harsunan biyu. Tarkon kuwa yana nan.

Tun a 1957 masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya jaddada cewa ana gane kalma ta hanyar kalmomin da take yawan zama da su. Bahaushe ya san wannan ƙawance ba tare da an koya masa ba: yana shan wahala, yana cin kasuwa, ba ya taɓa musanya su.

Kuskure mafi yawa shi ne *do a plan*. Ba sakaci ne ke kawo shi ba. Hausa na cewa "yi shiri", Faransanci na da *faire*, kowane aikatau ɗaya ne da ya rungumi abin da Ingilishi ya raba gida biyu, *do* da *make*. Harsuna biyu ke tura ɗalibin wuri guda, alhali *make a plan* ake cewa. Idan shirin hukuma ne, a rubuce, *draw up* ya fi dacewa. Aiwatarwa *carry out* ce. Shirin da ya wargaje kuma *fell through*.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. *Sur le plan économique* na nufin "ta fuskar tattalin arziki". Mai rubuta rahoto kan noman tattasai a kwarin Komadugu, idan ya ce *on the economic plan*, mai karatu a Maiduguri zai nemi takardar shirin ne, ita kuwa babu ita. *In economic terms* ya so ya ce. Haka ma *plan de la ville*, wanda yawanci *map* ne.

Batun ya wuce na jarrabawar bakaloreya. Tun da rikicin yankin Tafkin Cadi ya koro dubban mutane daga Borno zuwa wannan gaɓar kogin, ƙungiyoyin agaji ke aiki a Difa da harsunan biyu, kuma wanda ya fito daga Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, na iya tarar da *contingency plan* a takardar aikinsa ta farko. Jerin kalmomi ɗaiɗai da ake haddacewa a aji bai shirya shi ga wannan ba. Da malami zai rubuta aikatau da sunan tare a allo, ya jera na Hausa da na Faransanci kusa da su, da ɗalibin ya ga daidai inda hanyoyin suka rabu.