Sallamar Yaron Shanu: A Bari Sai An Dawo Gida

Maganar da za mu taɓo yau ita ce yadda muke rabuwa da yaranmu, wato masu kora da masu bin tirela suna tada shanun da suka kwanta a hanya. Sau da yawa rabuwar cikin fushi ake yin ta. Sa ya mutu tsakanin Maigatari da Legas, sai maigida ya ce, "Kama gabanka, kuɗinka kuwa sun tafi a bakin san." Mun taɓa tsintar wani yaro ɗan wajen Damagaram a kara can Kudu, an sallame shi babu kuɗin mota, ba ya jin Yarabanci, sai karo-karo muka yi masa ya koma gida. Wallahi abin kunya ne gare mu duka.

Mu fara da batun san da ya mutu, don nan rigimar take. Abin da muka karanta wajen malamanmu na Malikiyya, yana kuma cikin Muhtasar, shi ne wanda aka ɗauka ijara amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ta'adi. To, in mu muka cusa shanu fiye da kima a mota don rage kuɗin dako, ɗaya ya faɗi aka tattake shi, laifin wa? Amma in yaro ya bar garke ya tafi yawonsa, ko ya sayar ya ce ɓata ta yi, wannan wata magana ce, ita ma sai da shaida. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ko asarar da ya jawo da ganganci ko sakaci, ba a cire ta sai jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce.

Sai sanarwa. A dokar nan ta Nijeriya, wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, kwana 1 ake ba shi. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1. Daga mako 1 abin da ya yi sama a rubuce ake yi, in kuma ba a son ya ƙara kwana, a biya shi kuɗin kwanakin. A nan Nijar, dokar aiki ta 2012 ta fi tsanani: sai da dalili karɓaɓɓe, a ba da wa'adi in ba laifi ne babba ba, sannan a ba shi takardar shaidar ya yi aiki. Kada wani ya ce ai da baki muka yi. Yaro na iya kai ƙara ofishin sufeton ma'aikata, 'yan kara kuwa duk sun san yaron wane ne.

Shawararmu, kada a sallami kowa a ƙetaren iyaka. A haɗiye fushi har a dawo inda aka ɗauke shi. A kira wanda ya kawo shi, ubansa ne ko dillalin da ya tsaya masa, a zauna a zaure, ba tsakiyar kasuwa ba. A gaya masa laifinsa, a ji ta bakinsa, don sau tari direba ne ya ƙi tsayawa a duba dabbobi.

Daga nan a yi lissafi gaban shaidu biyu: ladan tafiyar da ya yi, bashin da ya ci, da kuɗin da ya ba mu ajiya. Da kuɗin da aka yi alkawari za a biya, in sefa ce sefa, kada a juya masa zuwa naira don canji ya faɗi. In yana da maraƙi ko tunkiya cikin garkenmu, a ware masa ranar. A rubuta komai, ko da ajami ne, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a ba shi tasa takardar, a kai ɗaya ofishin ƙungiya a ajiye.