Hanyar da Kuɗinmu Ke Bi Daga Waya Zuwa Waya

A kowace kaka 'yan kasuwa sukan zo daga Gusau da Sakkwato su sayi dawa da wake da shinkafa a hannun ƙungiyoyinmu na gama kai a Anka da Gummi da Bukkuyum. A da sukan zo da damman kuɗi cikin jaka. Yanzu kuwa, saboda 'yan bindiga, ba mai so ya ɗauki kuɗin buhu hamsin ya bi hanyar Mayanci zuwa Anka. Sai mutum ya zaro waya ya ce, "Ma'aji, ba ni lambar asusunku." Ya danna, ya danna, ya ce ya tura. To, a wannan lokaci ina kuɗin suke? Ma'ajin da bai san amsar ba yana iya yin cinikin biri a sama da gumin mutum talatin.

Kuɗin rubutu ne a littafi

Abu na fari da za mu gane shi ne, ba takardar naira ko ɗaya da ke tashi daga Gusau ta zo Gummi. Saƙo ne ke tafiya. Kowane banki yana da babban littafi cikin kwamfuta, kamar dai wanda magatakardanmu ke rubuta bashin taki a ciki. Tura kuɗi shi ne a rage a shafin mai saye a bankinsa, a ƙara a shafinmu a namu bankin.

Tsakanin bankunan akwai wani kamfani a Ikko mai suna NIBSS, wanda Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna suka kafa a 1993. Shi ne ɗan aike. A 2011 ya buɗe hanyar tura kuɗi nan take, wadda muke bi yau. Idan mai saye ya danna lambar asusunmu mai alƙaluma 10, saƙon zai hau ƙarfen sabis ya je bankinsa. Bankin zai tambaya ta wurin NIBSS ko lambar ta wane ne, sa'an nan sunanmu ya fito a wayarsa. Da ya sa lambar sirrinsa sai bankinsa ya rage masa, ya aika wa namu, namu kuwa ya rubuta mana.

Bankunan sai daga baya suke biyan juna, ta asusun da kowannensu ke da shi a Babban Banki. Kamar 'yan kasuwa biyu ne masu bin juna bashi. Wannan yana bin wancan dubu goma, wancan yana bin wannan dubu takwas, da yamma sai a miƙa dubu biyu, magana ta ƙare.

Su wa suka gina hanyar?

Akwai mutanen da sana'arsu ita ce rubuta manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Bankuna sun buɗe musu waɗansu ƙofofi, inda manhajar wani kamfani za ta yi magana da kwamfutar banki kai tsaye, bisa ƙa'idodin Babban Banki. Kamfanin Interswitch, tun daga 2002, ya haɗa katin wani banki da na'urar cirar kuɗi ta wani. Kamfanin Moniepoint ya fara a 2015 da sunan TeamApt, yana rubuta wa bankuna manhaja, kafin ya shiga raba na'urar POS. A 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar da ta yarda mai shago ya zama wakilin banki. Ta haka ne yaron da ke zaune cikin rumfa a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas yake iya ba mu kuɗi daga bankin da ba mu taɓa taka ƙofarsa ba.

Wannan babban sauƙi ne. Amma mu lura, zango-zango ne hanyar: waya, ƙarfen sabis, bankin mai saye, ɗan aike, bankinmu. Saƙo yana iya maƙalewa a kowane zango. Shi ya sa akan rage wa mai saye kuɗi, mu kuwa ba mu ga kome ba. Ba lalle ne ƙarya yake yi ba. Amma akwai kuma mazambata masu nuna rasidin jabu, ko su aiko da saƙon da ya yi kama da na banki.

Darasi biyu da muka sha

A watan Satumba na 2021 hukuma ta yanke layukan waya a duk jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare suka daɗe suna jira. Na'urorin POS suka mutu. Mai kuɗi a banki ya rasa yadda zai taɓa abinsa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha.

A farkon 2023 kuma abin ya juye. An sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin an ce sun daina aiki. Manoma da yawa da ba su da asusu suka sayar da hatsi da dabbobi da arha ga duk mai tsaba a hannu. Zamfara tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Sau ɗaya sabis ya tafi, sau ɗaya tsaba ta tafi. Saboda haka ƙungiya mai hankali takan ajiye yawancin kuɗinta a banki, ta bar kaɗan a hannu don ɗawainiyar yau da gobe.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, da takardar rajistarta, mutum biyu ko uku su ne masu sa hannu. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya yakan jawo zargi, in kuwa ya rasu sai a shiga rigimar gado.

Na biyu, kada buhu ya hau mota sai ma'aji ya duba asusunmu da wayarsa ya ga kuɗin sun ƙaru. Gani ya kori ji. Rasidin da ke wayar mai saye labarin bankinsa ne kawai.

Na uku, kowane turi yana da doguwar lamba tasa a kan rasidi. Magatakarda ya rubuta ta a littafi tare da kwanan wata da sunan mai saye. Da ita banki ke bin sawun kuɗin da suka maƙale. In an yi mako biyu banki bai warware ba, muna da ikon kai kuka Babban Banki.

Na huɗu, lambar sirri ta mai ita ce shi kaɗai. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai buga waya ya tambaye ta.

Na biyar, mai POS wurin sa kuɗi ne da cirewa, kada a ba shi ajiya. Hukumar NDIC, bisa tsarin da ta sanar a 2024, tana tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 in babban banki na kasuwanci ya rushe, miliyan 2 kuma a ƙaramin banki. Abin da aka bari a aljihun mai rumfa ba shi da wannan kariya.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, kafin a fara awo. A sa ɗaya daga cikin matasanmu ya zauna da ma'aji da magatakarda, su gwada tura naira ɗari daga wannan waya zuwa waccan a gaban kowa, maza da mata, har kowa ya ga inda sunan ke fitowa da inda lambar take.