Aibi ɓoyayye a cinikin motar hannu: haƙƙin mai saye da kalmomin da ke bayyana shi

1. Gabatarwa

Mutum ya sayi motar hannu wajen ɗan kasuwa, bayan sati biyu inji ya tsaya. Abin da za a ji a bakinsa shi ne "mota ta lalace", mai sayarwa kuma ya ce ciniki ya riga ya faɗa. A ganinmu kalmar "lalacewa" ta haɗe abubuwa uku da doka ta raba, kuma haƙƙin mai saye ya rataya ne ga wannan rabewa.

2. Abin da doka ta ce

Kundin Code civil na Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada, ya yi maganar a ayoyi 1641 zuwa 1649, ƙarƙashin sunan vice caché. Muna fassara shi da "aibi ɓoyayye". Aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ya hana a yi amfani da kaya, ko ya rage amfaninsu har da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da ya rage kuɗi. Aya ta 1643 ta ƙara da cewa alhakin yana nan ko da mai sayarwa bai san da aibin ba, sai in an yi sharaɗin sauke shi. Kotunan Faransa kuwa suna ɗaukar wanda saida mota ita ce sana'arsa a matsayin wanda ya sani, don haka sharaɗin ba ya kare shi gaban mai saye da ba ɗan sana'ar ba.

3. Lalacewa iri uku

a) Aibi bayyananne: gilashi fasasshe, taya da ta suɗe. Wanda ya gani ya saya ba shi da ƙara (aya ta 1642).

b) Tsufa: birki ya cinye, batir ya mutu a motar da ta shekara 15. Wannan ba aibi ba ne, don an san shekarunta lokacin da aka yanke kuɗi.

c) Aibi ɓoyayye: inji ya tsage, an liƙe shi an shafe da fenti. Dole ya kasance mai girma, ba ya ganuwa ga dubawar mutum mai lura, kuma yana nan tun kafin ciniki. Mai saye ne zai kawo hujja, galibi ta rahoton ƙwararre.

4. Zaɓin mai saye

Aya ta 1644 ta ba shi zaɓi biyu: ya maida mota ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta a maido masa wani kashi. In mai sayarwa ya san da aibin, sai ya biya diyya (aya ta 1645). Rubutun asali na aya ta 1648 ya ce a kai ƙara cikin gajeren lokaci. A 2005 Faransa ta ƙayyade shi shekara 2 daga ranar gano aibin. Saboda haka kada mai saye ya yi jinkiri, kada kuma ya bari a kwance injin kafin ƙwararre ya gani.

5. Kammalawa

Ba mu zaɓi "aibi" da ka ba. Kalmar daga Larabci take, kuma fikihun Malikiyya, wanda malamanmu ke karantarwa, ya san zaɓin maida kaya saboda aibi. Mai jin Hausa ya san aibin dokin da aka ɓoye wa mai saye a kasuwa. Muna ba da shawara masu fassara a kotu su keɓe "aibi" ga (a) da (c), "tsufa" ga (b), su bar "lalacewa" ga zancen yau da kullum. Tafintan da ya ce "ta lalace" inda ya kamata ya ce "tana da aibi" yana iya sa mai ƙara ya rasa kuɗinsa.