Gwanki Sha Bara: Kirari Ya Saura, Mai Kirari Ya Ƙaura

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina ma'anar kirarin nan, "gwanki sha bara". Da yawa sun amsa daidai: wanda ake ta auna wa kibiya yana tsira. Da na tambayi wanda ya taɓa ganin gwanki da idonsa, sai aji ya yi tsit. Wannan shiru ya tuna mini da zaman da na yi da wani tsohon maharbi a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da Tsamiya, kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin, lokacin da nake tattara kalmomin farauta. Ya lissafa mini gwanki da kanki da mariya da ɓauna, sannan ya nuna yamma da sandarsa, ya ce duk sun tsallaka.

Me ya kore su? Mai karatu zai ce bindiga. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Gwanki dabba ce mai zaɓen mazauni. Ba ya nisa da ruwa, yana kuma buƙatar doguwar ciyawa, domin uwar takan ɗauki ciki na kimanin wata 9, ta haifi ɗa guda tak, ta ɓoye shi cikin ciyawa na makonni. Idan aka cinna wa daji wuta da rani, aka nome fadama, shanu suka cinye sauran, maɓoya ta ƙare. Sai garken ya shiga tsaka mai wuya: ko ya zo mashaya inda maharbi ya yi kwanto, ko ya gudu tudun da babu ruwa, 'ya'yan su mutu. Ashe harbi ɗaya kisa biyu yake yi, har da waɗanda harsashi bai taɓa ba.

A can arewa maso yammacin Bagudo akwai gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, kuma ƙasashen Nijar da Benin da Burkina Faso suke tarayya a kansa. Hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, aka faɗaɗa a 2017 ya haɗa da Arli da Panjari. Nan ne gwanki da giwa suka samu mafaka, kodayake 'yan bindiga sun addabi yankin a shekarun nan. Dabba dai ba ta san fasfo ba. A 2018 giwaye sun ɓulla a Zariya Kala-Kala, cikin Kebbi.

Farauta ba ita ce laifin ba. A ƙasar Suwidin ana harbe dubun-dubatar wata ƙatuwar dabba mai suna mus duk shekara, amma ba ta ƙare ba, saboda akwai lasisi da lokaci da adadi. Mu ma kakanninmu suna da Sarkin Dawa, kuma farauta aikin rani ce, ba na kowane wata ba.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Kebbi da Masarautar Gwandu su zauna da maharba da makiyaya da manoma, a keɓe wasu mashaya da fadamu, a hana ƙona su, a kuma haramta harbin uwa mai ciki ko goyo. In ba haka ba, jikokinmu za su riƙa neman gwanki a ƙamus. Allah Ya sa mu farga.