Harafi guda tsakanin sirri da tonon asiri

Sakataren biro da ya saba da intanet, da ya ga adireshi ya fara da http://, shafin karatu yake jira. Amma ipp://, wanda aka tsaida ƙa'idarsa cikin shekara ta 2003, ba ya buɗe shafi. Hanya ce ta aika takarda daga kwamfuta zuwa injin bugawa, ta ƙofa mai lamba 631, ko da yake HTTP ɗin ne dai ke dakon kayan a ƙarƙashi.

Sai 2015 aka tsaida ipps://. Wannan "s" ke tilasta lulluɓe saƙo. In babu shi, takardar albashi ko sakamakon likita na iya ratsa wayoyin ma'aikata tsirara, alhali mai aikawa na tsammanin maganar tsakaninsa da injin ce kawai.