Ko cin cuku yana sa ƙiba?

A nan ƙasar Dakoro cuku ba baƙonmu ba ne. Da damina, in nono ya yawaita a rugagen Fulani da Buzaye wajen Barmo da Gadabeji, mata kan daskarar da madara, su tsane ruwan, su shimfiɗa ta fale-fale, su shanya. A wata cibiyar yaƙi da jahilci wani ɗalibi, mai kanti, ya ce mini ya bar cin cuku, wai yana sa tumbi. Na ga ya kamata mu duba maganar tare.

Gaskiya ne cuku abinci ne mai nauyi. An fid da ruwan madara, saura mai da sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi. Busasshen cuku mai nauyin giram 100 ya ninka madara mai wannan nauyi wajen sau 6 a ƙarfin abinci. Saboda haka ɗan kaɗan yake ƙosarwa.

Amma ƙosarwa daban, ƙiba daban. A shekarar 2011 masana na Jami'ar Harvard a Amurka sun bayyana wani bincike. Sun bi mutum fiye da 120,000 shekara da shekaru, suna duba cinsu da nauyinsu. Ba su ga cuku ya ƙara musu nauyi ba. Abin da ya ƙara shi ne soyayyen dankali da lemon kwalba mai sukari. Cukunsu ba irin namu ba ne, amma duk ɗiyan madara ne.

To, mu da me muke cin namu? Da shayi. Mai kantin nan yakan sha shayi safe da rana da dare, kowane da sukari mai yawa, kuma yini yake zaune. A ganina ya kama marar laifi. Makiyayi da ke bin shanu tun asuba yana cin cuku fiye da shi, ga shi kuwa ba tumbi.

Ga wanda ya rame, ko mai jego, ko tsoho, cuku taimako ne. A daka shi cikin fura, musamman lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A zaɓi wanda ya bushe sarai, ba hunhuna.

Mai zaman wuri ɗaya kuwa ya ci ɓari kaɗan, ya rage sukari, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ga hanyar auna kai ba da sikeli ba. Ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Sai ka je gidan likita a duba maka hawan jini da ciwon sukari.