Nisan Sama da Nisan Ƙasa: Daga Kano Zuwa Damagaram

Tsakanin kowane gari da wani akwai nisa iri biyu, kuma ya kamata hakimai da magatakardansu su bambanta su. Na fari shi ne nisan ƙasa, watau tsawon hanyar da mota ko jaki ke bi. Na biyu shi ne nisan sama, watau miƙaƙƙen layin da jirgi ke bi, ba ruwansa da rafi ko darni ko burtali.

Ga misali. Mai mota in ya bar Kano zai tafi Damagaram sai ya bi ta Dambatta da Kazaure, ya karkata yamma kaɗan zuwa Daura, ya tsallake iyaka a Kwangwalam, ya ratsa Matamaye, kana ya isa. Tafiyar ta kai kilomita 240 ko kusa da haka, ban da jinkirin kwastan. Amma a sama nisan bai wuce kilomita 200 da 'yan kai ba. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 300 a sa'a yana iya cinye shi cikin minti 40.

Yadda ake gane wannan ba wuya. Masu taswira sun zana layuka daga gabas zuwa yamma, tsakanin kowane daraja da mai bi masa kilomita 111. Kano tana kan daraja 12, Damagaram kuwa ta kusa 14. Dambatta tana arewa da Kano sak, kusan rabin daraja, watau wajen kilomita 50.

Kano ta daɗe da sanin amfanin wannan gajeriyar hanya. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, su ne na farko. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Alhazan dā sukan yi shekaru a ƙasa, ta Abeshe da Fashir, kafin su ga Bahar Maliya, alhali nisan sama daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne, tafiyar sa'a biyar.

To, inda magatakarda ke kuskure shi ne su ɗora ma'auni a kan taswira su rubuta abin da ya ba su a rahoto. A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, hanya takan kewaye fadama da madatsar ruwa ta Tomas, da damina kuma rafi ya datse ta. In an tambayi nisan ƙauye da asibiti ko makaranta, lalle nisan ƙasa ake nufi, gama mai naƙuda ba ta tashi sama. A kuma lura tsofaffin takardun gunduma da mil aka rubuta su. Mil 5 daidai yake da kilomita 8.